Yadda Ganau Ya Warkar da Ƙafa Mai Lafiya

Ranar da Ganau ya gano cewa duniya ta daɗe tana asarar basirarsa, bai shawarci kowa ba, don a ganinsa mai ceto ba ya neman shawarar waɗanda zai ceta. Shekara da shekaru yana aiki a sashen gashi na wani asibiti, inda ake kai waɗanda suka karye ko aka yi wa aiki, a riƙa motsa musu gaɓoɓi har su dawo daidai. Matsayinsa a can ba ɓoyayye ba ne, shi ke tura keken marasa lafiya. Ya ɗauko mutum daga gado, ya ajiye shi gaban likitan gashi, ya ɗan maƙale a bakin labule yana leƙe, sai a ce masa, "Je ka ɗauko na gaba." Amma in ka same shi da yamma a kan bencin ƙofar shagon unguwa, sai ka rantse likitocin ne ke tura masa keke. Ba a yin hira da shi a tashi bai bugi ƙirji ya ce shi ganau ne ba jiyau ba, har sunan ya bi shi, ya kuma karɓa hannu bibbiyu don ya ɗauka yabo ne.

Kuma gaskiya ya gani, sai dai rabi ya gani. Likitocin gashi suna da wata ɗabi'a: kafin su taɓa gaɓar da ke ciwo, sukan fara kama 'yar'uwarta mai lafiya, su lanƙwasa, su miƙe, su juya, don su ga yadda ya kamata mai ciwon ta koma. Daidai nan ake tura Ganau ɗauko na gaba. Kafin ya dawo an gama ainihin aikin, mara lafiya na zaune yana sharar hawaye, shi kuwa ya ɗauka kukan godiya ne. Da haka ya yi nasa lissafin, ya gano babban sirrin da likitoci ke ɓoye wa talaka: gaɓa mai lafiya ake gasawa.

"Na ajiye musu kekensu," ya gaya wa matarsa, wadda gidansu ke kira Auta, sunan kuma ya biyo ta har ɗakin miji.

Auta ta dakata da wanke-wanken da take yi. "Kekensu ko aikinka?"

"Duk ɗaya ne. Daga yau asibiti ne zai riƙa bin mutane gida a kan babur. Wanda ya karye, wanda ya gurɗe, wanda jijiya ta hau, duk zan same su a kan shimfiɗarsu. Yau unguwar nan, gobe garin gaba, jibi sai an nemi alfarma kafin a gan ni."

"Baban yara, ka kuwa iya?"

"Ana tambayar kifi ko ya iya ruwa?"

Auta ta koma kan wanke-wankenta. Ta ga mijinta ya gwada kiwon kaji da sayar da maganin sauro, ta kuma ga yadda kajin da sauron suka ƙare, amma wannan karon akwai farar riga a ciki, kuma mace ma tana da ikon sa rai. Rigar a gwanjo ya samo ta. Da sunan wani gidan burodi a aljihun ƙirji, ya sa reza ya warware zaren, sai dai shatin burodin ya ƙi tafiya. Ya haɗa da jar fitilar gashi, da doguwar robar ja, da kwalbar man zafi, da wani ƙaton ƙwallon motsa jiki da ya ɗaure a bayan babur, wanda ya fi shi kwarjini nesa ba kusa ba.

Mai askin bakin titi ne ya fara faɗawa hannu. Santsin banɗaki ya kwashe shi, ya gurɗe a wuyan hannun hagu, yana ta tsoron zuwa asibiti saboda labarin da ya ji cewa can har katti kuka suke yi. Ganau ya kafe babur a ƙofar shagon, ya shiga da jaka a hannu yana gyaran murya.

"Miƙo hannun dama."

"Hagun ne ke ciwo."

"Na tambaye ka?"

"Ba ka tambaya ba, amma ai ni ne mai hannun."

"Kai ne mai hannun, ni ne mai ilimin. Idan yaro ya ƙi cin abinci, dukansa ake yi? Ɗan'uwansa ake zuba wa a gabansa, yana gani zai matso da kansa. Haka gaɓa take. Hagun nan da kake gani, kallo yake yi."

Mai aski ya juya maganar a ransa, bai ga inda ta kama hankali ba, amma ya ga inda ta kama shi, don ba za a taɓa wurin ciwon ba. Ya miƙa dama. Ganau ya shafa mai, ya murza, ya matsa, ya lanƙwasa, har mai aski ya fara gyangyaɗi. Kafin rana ta faɗi duk wanda ya zauna a kujerar aski ya ji labari: an samu likitan da hannunsa ba zafi. A duniyar da kowa ke son magani amma ba mai son ɗaci, wannan labarin ba ya bukatar babur kafin ya zaga gari.

Yabo ya hau wa Ganau ka. A zuwa na gaba ya ce za a shiga mataki na biyu. Ya ɗaura robar ja a ƙarfen taga, ya ɗaura ɗaya bakin a hannun daman mai aski, ya ce ya ja da baya har sai ya ce ya isa. Daga nan wani ya tambaye shi yadda ake gyara wuya, ya juya ya shiga bayani, ya manta da cewa ya isa. Ƙarfen taga bai saki ba, roba ba ta tsinke ba, hannun ne ya ce ƙas.

Ba a jima ba kawunan mazan unguwar suka fara ba da labari. Wani an bar masa tudu a gefe, wani an buɗe masa hanya tun daga goshi har ƙeya, wani kuwa kai ka ce ɓera ne ya kwana a kansa. Waɗanda ba su taɓa sa hula ba suka tuba suka fara sawa, mai sayar da huluna ya zama babban mai yi wa Ganau addu'a.

"Likita, daman ma ya kama ciwo," in ji mai aski, yana nuna hannun da ke rawa.

"Alhamdu lillahi," Ganau ya ce. "Ciwon ya taso. Ya baro hagu ya dawo dama, ƙofar fita yake nema."

"Ai hagun ma bai daina ba."

"Kai ka taɓa ganin an gama ƙaura a rana ɗaya? Kayansa yake kwashewa."

Ana cikin haka tsautsayi ya faɗa gidan su Auta. Mahaifinta, tsohon kafinta da ya ƙi yarda cewa ya tsufa, ya hau tsani gyaran kwanon da ba wanda ya sa shi, ya sauko ba ta tsanin ba. Aka yi masa aiki a gwiwar hagu, likitoci kuma suka yi magana ba ƙumbiya-ƙumbiya: dole a riƙa kai shi gashi a kai a kai, in ba haka ba gwiwar za ta sandare, kuma in ta sandare ta sandare ke nan. Babban wan Auta, wanda kowa ke kira Yaya, direban babbar mota ne, shi ya kai shi zuwan farko. Baba ya dawo idanu jajur, ya ce shi da a mayar da shi can gara a sake hawar da shi tsanin. Ga shi kuma doguwar tafiya ta kama Yaya. Aka taru a falon gidan ana neman wanda zai riƙa kai Baba, kowa na kallon silin.

Ganau ya gyara zaman farar rigarsa. "Mene ne na wahalar da tsoho a mota, alhali asibitin ma a gidan nan yake aure?"

Yaya ya dube shi tun daga takalmi har shatin burodi. "Kai ne za ka yi? Da me, da keke?"

"Yaya, wanda ya daɗe a bakin rijiya ya fi baƙo sanin zurfinta."

"Na ga tuluna da yawa da suka tsufa a bakin rijiya, ban ga wanda ya koyi jan ruwa ba."

Yayyen Auta mata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. A falon nan, duk lokacin da suka shiga jera abin da mazajensu suka yi, Auta kan zauna kusa da ƙofa tana gyara wa ɗanta maɓalli, ko da maɓallin lafiyarsa lau. Ran nan sai ta ɗago.

"Yaya, mijina ya iya. Ka zaga unguwar nan ka tambaya, maganarsa kowa ke yi. Ni na tsaya masa."

Maganarsa kam ana yi, a nan ba ta yi ƙarya ba. Baba ya daɗe yana kallonta daga kan doguwar kujerar da ya miƙe ƙafa, sannan ya ce, "A bar shi ya yi." Yaya ya kaɗa kai, ya ce shi dai ya faɗi tasa, idan ya dawo zai gani da idonsa. Daɗi ya kama Ganau har cikin ɓargo. Ran nan aka kawo masa ruwa a kofin gilashi, abin da bai taɓa samu ba a gidan tun da ya zama surukinsu.

Washegari ya iso da kayan aiki, ya kori kowa daga ɗakin Baba, ya rufe ƙofa, ya ce a asibiti ba a yin gashi da 'yan kallo. Baba na kwance, ƙafar hagu a miƙe cikin bandeji. Ganau ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya dace da suruki, sannan ya naɗe ƙafar wandon dama ya tsiyaya mai.

"Ɗan nan, ɗayar ce aka yi wa aikin," Baba ya ce a hankali.

"Na sani, Baba. Ita wannan malama ce, waccan ɗaliba. Ba a fara karatu daga ɗalibi." Ya kuma ƙara masa da labarin yaron da ya ƙi cin abinci.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To," ya lumshe ido. Daga ranar ƙafar dama ta shiga gata. A shafe ta, a murza ta, a haska mata jar fitila, a lanƙwasa ta gaba da baya, ita kuwa ta hagu tana gefe tana ɗaukar darasi. Mutanen gida na jin shiru daga ɗakin maimakon ihun da Yaya ya ba da labari, sai suka fara cewa lalle an raina bawan Allah. Auta ta koma goge farar rigar kullum da safe, har da sa mata turare.

Sana'a ta buɗe. Ganau ya fara ƙetare unguwanni, har garin gaba ya leƙa kamar yadda ya yi alkawari. A hanyar dawowa iska ta kama ƙaton ƙwallon da ke bayansa, ta juya babur, ta ajiye likita da asibitinsa a cikin kwata. Da mutane suka taru suna yi masa sannu, ya fito yana ɗigar baƙin ruwa ya ce gwajin gaɓoɓinsa yake yi, don likitan kirki da kansa yake fara gwada komai.

Na gaba shi ne telan da ke kallon shagon aski. Ƙafar hagu ce ta kumbura masa a idon sawu, da ta dama kuma yake taka keken ɗinki. Ganau ya ɗora ta daman a kan kujera, ya kunna jar fitila ya matso da ita kusa, don a ganinsa likitocin asibiti rowar wuta ce ke sa su nesanta ta. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa masu wucewa bayanin jijiyoyin ɗan'adam, waɗanda a cewarsa daga babban yatsa suke tashi su kwana a kunne.

"Likita, da zafi fa," tela ya ce daga ciki.

"Maganin ne ke shiga."

"Ina jin ƙauri."

"Ciwon ne ke ƙonewa."

Ba ciwon ba ne. Yadin wata mata ne da ke rataye kusa da fitilar, sai kuma fatar ƙafar tela da ta tashi ta yi ruwa. Matar ta zo karɓar ɗinki ta tarar da rami a tsakiyar yadinta wanda kai zai shige, Ganau ya ba ta shawara kyauta cewa ta mai da shi wuyan riga. Abin da ta mayar masa ba ya rubutuwa.

Sai mai shagon unguwa, mutum mai jiki, wanda baya ya riƙe shi har ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki gwangwani. Nan Ganau ya ɗan tsaya, don baya ba shi da hagu da dama da za a zaɓa. Amma ilimi ba ya rasa mafita.

"Mece ce kishiyar baya in ba gaba ba? Kwanta rigingine, ciki za mu kama."

"Yanzu na gama cin abinci."

"Ya fi. A cike ake son sa."

Ya kwantar da mai shago a kan buhuna, ya ɗora masa ƙaton ƙwallon a tumbi, ya hau kai da ƙirji yana mirginawa. Mai shago ya yi wata ƙara da ba ta mutane ba, ya ture likita da ƙwallo, ya miƙe ya zura bayan shago da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Ganau ya juya wajen masu sayayya yana karkaɗe hannu. "Kun gani? Mutumin da ba ya iya sunkuyawa." Tun daga ranar shagon ya koma buɗewa da rufewa ba ƙa'ida, gwargwadon yadda cikin mai shi ya yi hukunci.

Da labari ya zo cewa Yaya ya kusa dawowa, mai hankali da ya nemi wurin ɓuya. Ganau kuwa kujeru ya sa aka jera a ƙofar gidan Baba, ya aro lasifika, ya bi unguwa gida-gida yana gayyata: a zo a ga sakamakon aiki, marasa lafiya za su ba da shaida da bakinsu, Baba kuma zai lanƙwasa ƙafa a gaban jama'a. Yana so Yaya ya haɗiye maganar tulun nan a bainar mutane, ba a cikin falo ba.

Jama'a ta amsa, don kallon kyauta ba ya rasa masu zuwa. Yaya ya iso daga tafiya ko wanka bai yi ba, ya ja kujera a sahun gaba ya harɗe hannu. Auta na tsaye a bakin ƙofa cikin yayyenta, ta sha kwalliya, kanta a ɗage. Ganau ya hura lasifika, ya yi jawabin buɗe taro wanda ya taɓo tarihin ƙashi tun daga farkon halitta, sannan ya kira shaida na farko.

Mai aski ya fito da hannaye biyu a naɗe, sai da wani ya riƙe masa abin magana. "Jama'a, da hannu ɗaya ke min ciwo, ɗayan na aiki shi kaɗai, abin ba adalci. Yanzu Likita ya daidaita su, duka biyun hutu suke."

Aka kwashe da dariya. Mazan da ke sahun baya suka cire huluna suna nuna kawunansu a matsayin ƙarin hujja. Ganau ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa. "Kun ji dai, daidaito. Shi ake nema a jiki."

Tela bai iya fitowa ba, daga kan kujerarsa ya ɗaga ƙafafu biyu, ɗaya a kumbure, ɗaya a naɗe. "Ni tawa gasawa aka ce za a yi, kuma an cika alkawari. Gishiri kawai aka manta."

Aka kira mai shago, aka ce ya ɗan zaga, yana zuwa. Da ya dawo yana share gumi ya ce shi gaskiya ya manta da ciwon baya, don cikin bai ba shi sukunin tunawa ba. Bai gama rufe baki ba ya ba da haƙuri ya sake zagawa.

Dariya ta yi yawa har Ganau ya fara zargin ba duka ce ta yabo ba, sai ya yi sauri ya ce a fito da Baba. Aka ɗauko tsohon a kan kujera, aka ajiye shi a tsakiya, aka sa masa ɗan benci a ƙarƙashin ƙafafu. Wuri ya yi tsit.

"Baba, a nuna wa jama'a ikon Allah. A lanƙwasa."

Baba ya ɗaga ƙafar dama, wadda ta sha mai har tana ɗaukar ido, ya lanƙwasa ta, ya miƙe, ya juya idon sawu, ya kaɗa yatsu. Ko ɗan ƙwallo ba zai nuna mata komai ba. Waɗanda ba su san wace ƙafa aka yi wa aiki ba suka fara tafi, Ganau ya rusuna.

"Madalla," Yaya ya ce, bai warware hannunsa ba. "Saura wadda aka yi wa aikin."

"Yaya, ita tana kan hanya."

"Daga ina?"

"Darasi take ɗauka. Ba a gaggawa da ɗalibi."

Yaya ya tashi, ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya naɗe ƙafar wandon hagu. Ga tabon ɗinki nan, ga fata a bushe ko ɗigon mai ba ta taɓa gani ba, ga ƙafa ta rame ta miƙe sambal kamar taɓarya. Ya sa hannu a ƙarƙashin gwiwar ya ɗan gwada, Baba ya cije leɓe, gwiwa ko gezau.

"Tun da na tafi, me ka yi wa wannan?"

"Ai ba a taɓa ta. Sirrin aikin ke nan. Da idona na ga manyan likitoci, mai lafiyar suke kamawa. Ni ganau ne."

"Ni ma na gani, ranar da na kai shi. Sun kama mai lafiyar sun gwada, sannan suka koma kan mai ciwon, suka yi ta fama da ita har Baba ya kira sunan mahaifiyarsa. Ni na zauna har ƙarshe. Kai ina kake zuwa a lokacin?"

Ganau ya buɗe baki, ya manta lasifika na kusa da shi, amsar ta fita har ƙarshen layi. "Ɗauko na gaba."

Abin da ya biyo baya ba tafi ba ne. Mai aski ya nemi ya shaƙe shi, ya tuna ba shi da hannu. Tela ya nemi ya bi shi, ya tuna ba shi da ƙafa. Matar mai yadi, wadda ba wanda ya gayyata, ita ce kaɗai da cikakkun gaɓoɓi, ta kuwa yi amfani da jakarta yadda ya kamata. Wani ya saki iskar ƙaton ƙwallon, ya yi ta huci a gefe har ya kwanta.

Auta ba ta shiga hayaniyar ba. Ta ratsa mutane ta durƙusa kusa da kujerar mahaifinta. "Baba, ka sani? Tun ranar farko ka sani?"

"Ƙafata ce, yaya ba zan sani ba?"

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Na farko dai babu zafi, ni kuma matsoraci ne, ba zan ɓoye ba." Na kusa suka ɗan yi dariya. Baba ya jira ta lafa. "Na biyu, tun da aka kai ki ɗakinki ban taɓa jin kin ce mijina da ƙarfi a gidan nan ba sai ran nan. Na ce ƙafa ɗaya ce, kuma ni na riga na gama hawa tsani."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ganau ya ajiye lasifikar a ƙasa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai san akwai ta a duniya ba, kuma ba ta jama'ar ba ce, ta matar nan ce da ke durƙushe cikin kwalliyarta. Ya so ta zage shi, ta ƙi. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta ce wa Yaya a nemo mota yanzu, a je a ji ko akwai abin da ya rage da za a iya cetowa.

Aka aro ƙaramar motar maƙwabci. Nan wata matsalar ta ɓullo, don an shigar da Baba kujerar baya, ƙafa ta ce ita ba ta san zancen ba. Aka juya shi ta nan, aka juya shi ta can, ƙofa ta ƙi rufuwa. Daga ƙarshe aka kwantar da shi a gicciye, aka sauke gilashi, aka zuro ƙafar ta taga. Titin unguwar kuwa duk ramuka ne, kuma kowane girgiza a gwiwar zai sauka.

"Sai an samu mai tallafe ta har mu hau kwalta," Yaya ya ce, yana duban jama'a.

Baba ya ɗago kai daga cinyar Auta ya leƙo. "Mijin Auta, zo. Dube ta da kyau, ita ce wannan."

Haka motar ta bi layin a hankali, ta wuce shagon aski, ta wuce shagon tela, mutane na tsaye a ƙofofinsu. Auta na ciki tana kallon ɗaya tagar. Ganau na biye a ƙasa cikin farar rigarsa, ya sunkuya, ya tallafe diddigen surukinsa da hannu biyu, yana kaffa-kaffa da kowane rami. Wannan ne karo na farko da ya taɓa ta.